Kada a Kashe Wannan Na'ura

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar? Yaya kunnen kuma, ko da yake na san amsar da za ka ba ni, cewa kunne lafiyarsa lau, mutanen yanzu ne suka koma magana ƙasa-ƙasa. Ina gaida Yaya da matarsa, da duk masu zama a bencin ƙofar shago.

Na iso lafiya, na kuma kama aiki. Tunda waya ta daina yi maka amfani, ga alkawarin da na ɗauka na rubutu, sai ka nemo tabaranka.

Asibitin na masu ciwon ƙirji ne, a ƙarshen gari yake, a gindin wani tsauni. Wanda aka kwantar a nan yakan yi watanni, kuma ba a barin 'yan dubiya su shiga. Ga shi tsaunin ya tare sabis, wayar hannu ba ta da wani amfani a ciki sai haska hanya. Shi ya sa aka yi musu layi guda. Ɗan'uwan majiyyaci zai kira daga gida, ya danna lambar gado, ya faɗi abin da ke ransa, na'ura ta ɗauka. Da safe nas ta zagaya da 'yar lasifika, kowa ya ji nasa. Na'urar nan ita ce aikina.

Ofishina da can ɗakin ajiye zannuwan gado ne, har yanzu ƙanshin sabulu bai bar shi ba. Tebur ɗaya, kujera ɗaya mai gurguwar ƙafa wadda da ka gan ta ba za ka iya barci ba sai ka gyara, da taga ɗaya mai raga da ke kallon barandar da majiyyata ke shan hantsi. Masaukina kuwa a saman wani shagon tayoyi yake. Ban san kowa a layin ba. Na lura a tsaye nake cin abinci, don zama a gaban faranti ni kaɗai yana sa ni tuna Mama.

Bari in yi maka bayanin aikin da yaren kafinta. A cikin na'ura akwai abin da muke kira folda, ka ɗauke ta kamar durowa. Akwai manhajoji biyu da ke aiki da durowar nan, na sa musu suna don in riƙa samun waɗanda zan yi wa faɗa. Mai Ɗauka shi ke amsa waya, yana zuba duk saƙon da ya shigo cikin fayil guda a durowar. Mai Shara kuma kowace safiya yakan kwashe abin da aka tara ya miƙa wa nas, sannan ya goge durowar gaba ɗaya, ya ƙera sabuwa fes mai irin sunanta, don kada sirrin mutane ya taru a wuri guda.

A tsohuwar na'ura kullum sai an yi rigima. Mai Shara ya zo gogewa, na'ura ta ce ba ta yarda ba, wani yana riƙe da fayil ɗin. Mutumin da na gada sai ya zo da kansa ya rufe Mai Ɗauka, a yi shara, ya sake kunna shi. Haka ya yi ta yi har ya yi ritaya. Yanzu an kawo sabuwar na'ura mai wani tsari dabam. Ɗan kwangila ya ɗora Mai Ɗauka, ni kuma na rubuta sabon Mai Shara da hannuna. Baba, ko tari bai yi ba. Ya goge, ya ƙera, babu wanda ya ce masa don me. Manaja har ofis ya zo ya ce ashe abin da ya ci wa wancan bawan Allah safiyarsa shekara da shekaru bai fi aikin yini guda ba. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya yi girma.

Na yi aboki guda, kuma sa'anka ne. Ranar da muka kunna sabuwar na'ura aka kwantar da shi, a gado na ƙarshe. Tsohon direban babbar mota ne, kowa Direba yake ce masa. Yakan jawo kujera ya zauna jikin tagata, takunkumi a baki, ya yi ta kallon yatsuna. Jiya ya ce, "'Yar inji, wai duk wannan ƙwanƙwasar da kike yi, tafiya ake yi ko a tsaye muke?" Na ce tafiya ake yi. Ya ce to shi bai ga an wuce ko bishiya ɗaya ba.

Ɗansa ne ya kawo shi, ya kuma yi masa alkawarin kira kullum. Ya ce in kula masa da injin, don yaron nasa ba ya saɓa magana.

Ka riƙa shan maganinka ko babu mai tsaya maka a kai. Ka huta lafiya.

Taka,
Auta

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan kana lafiya kai da mutanen gida. Takardarka ta iso. Na ga shawarar da ka bayar a kan kujera, na sa mata kwali kamar yadda ka hana.

Baba, girman kan nan da na ba ka labari ya sauka. Tun washegarin da muka canza na'ura, babu majiyyacin da ya sami saƙo. Da farko Babbar Nas ta ɗauka mutanen gida ne suka yi sanyi, don akan yi haka a tsakiyar wata. Da abin ya ƙi ƙarewa ta zo ta tsaya a ƙofata, hannu a ƙugu, ta ce, "Malama, shekaruna a gidan nan ban taɓa zagayawa da lasifika tana shiru kamar an yi mata rasuwa ba. Ko dai layin ya mutu?"

Na ɗauki wayar ofis na kira layin da kaina. Ya amsa, ya ce in yi magana, na yi, ya ce an karɓi saƙona. Na buɗe fayil ɗin da ke durowa, wayam. Na sake kira, na yi gaisuwa, na yi ƙirga, har waƙa na rera don haushi. Fayil ɗin yana nan da sunansa, amma ko numfashi babu a ciki. Na bi Mai Shara layi-layi ban ga laifinsa ba. Na yi kwanaki ina zuwa aiki kamar mara gaskiya, ina bin bayan gini don kada in ratsa baranda.

Abin da ya tona asiri shi ne wurin ajiya. Na lura na'ura tana cewa cikinta yana ƙara cika, alhali duk inda na leƙa babu abin da ya ƙaru. Na sake kiran layin ina kallon awon cikar tata. Ina magana yana motsi, na yi shiru na ajiye ya tsaya.

Ga abin da ya faru. Tsohuwar na'ura da take hana gogewa, ashe ba taurin kai ba ne, gargaɗi take yi. Sabuwar ba ta gardama. Idan ka ce ta goge abin da wani yake riƙe da shi, sai ta kankare sunan kawai, ta bar wa mai riƙon abinsa a hannu. Wato ranar farko Mai Shara ya zare tsohuwar durowa daga raminta, ya zura sabuwa, shi kuwa Mai Ɗauka yana tsaye da tsohuwar a hannu, ba wanda ya ce masa ya saki. Tun ranar duk wanda ya kira, cikin waccan durowar mara suna yake zubawa. Mu kuma muna ta buɗe sabuwa muna cewa mutane sun manta da 'yan'uwansu.

Saƙonnin suna nan, Baba, duk cikarsu. Amma ransu a hannun Mai Ɗauka yake. Ranar da ya saki, ko an rufe shi, ko wuta ta yanke na'ura ta mutu, za a ɗauki wurin a matsayin fili, kuma ba mai sake jin su.

Ban gama fahimtar haka ba sai ga Manaja da mai gyaran wuta. Manaja ya ce, "Ni ban san kan kwamfuta ba, amma na san maganinta. A kashe a kunna." Mai gyaran wuta har ya sunkuya wajen soket. Ban san lokacin da na tashi na tare bango da jikina ba. Na ɗaga murya a gaban shugabana, abin da ban taɓa yi ba. Da na yi masa bayanin durowa sai ya ce to in fito da su mana. Nan kuma wata matsalar take. Akwai wata ƙofar baya da ake iya kwafe abin da manhaja ke riƙe da shi ba tare da ta saki ba, amma ba ta buɗuwa sai ga mai babban izini. Ni izinin durowa kawai aka ba ni. Na gwada, na'ura ta ce ba ni da hurumi. Kalmar sirrin tana wurin Ɗan kwangila, shi kuma ya tafi wani aiki a inda waya ba ta samunsa.

Na naɗe filogin da salatif, na rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, KADA A KASHE WANNAN NA'URA, na rataya. Na dakatar da Mai Shara. Yanzu sai jira.

Da na koma mazaunina na tarar Direba a taga, ashe duk a kunnensa aka yi. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya ce, "'Yar inji, wato kaya suna cikin mota, takardar kayan ce ta ɓace?" Na ce haka ne, Baba Direba. Ya ce, "To na yaron nan ma suna ciki ke nan." Na ce suna ciki, in sha Allahu, ni zan kawo maka da hannuna. Ya yi ajiyar zuciya har takunkuminsa ya motsa, ya ce shi dama ya san ba halin yaron ba ne. Ranar ya cinye abincinsa tas, Babbar Nas ce ta gaya mini.

Ka sa ni a addu'a, ka sa batirin da ke riƙe mana na'ura ma.

'Yarka,
Auta

*

Baba,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan sanyin nan bai tayar maka da ƙafar ba. A gaida Yaya, a ce masa na ga saƙonsa, zan kira shi idan hankalina ya dawo jikina.

Har yanzu Ɗan kwangila bai dawo ba. Ranar hutu ma a ofis na yini, don masaukina da nan duk ɗaya ne, gara nan akwai abin da ke ƙara. Da rana aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Batirin da ke riƙe da na'ura ya fara kuka, ɗif, ɗif, kamar ɗan tsako. Na cire allo, na cire fanka, na cire duk abin da ke shan wuta, na zauna a ƙasa na dafa na'urar da tafin hannu, sai ka ce hakan zai ƙara mata kwana. Majiyyata suka taru a baranda suna leƙe. Wata tsohuwa ta ce a yi salati. Da janareta ya kama, sai da aka yi tafi, wasu tafin ya koma musu tari.

Direba ne ya rage bayan an watse. Ya ba ni labarin ɗansa tun daga haihuwa. Shi kaɗai gare shi. Uwar ta rasu yana kan hanya, bai ji ba sai da ya sauke kaya. Ya ce rabin rayuwar yaron a madubin mota ya gan ta, yana ɗaga hannu a bakin titi yana ƙanƙancewa. Ya ce yanzu yaron ya zama babban mutum, aiki ya yi masa yawa, amma duk da haka shi ya ɗauko masa jaka har bakin gado. Yana ta lissafin abin da zai tarar a saƙonnin: wai matar yaron tana da tsohon ciki, watakila ma an sauka, watakila an yi masa takwara.

Ina saurarensa ina tuna ka. Rabon da in ji muryarka tun ranar da ka raka ni tasha, kuma ranar ma ba ka ce komai ba sai "a sauka lafiya". Na san ka bar waya ne don kana jin kunyar a yi ta maimaita maka magana. Amma gidan nan ya koya mini cewa murya ma abinci ce. Kewarka nake ji, Baba, ga shi na faɗa, tunda a takarda ba za ka iya cewa ba ka ji ba.

Taka har kullum,
Auta

*

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyar jiki kam alhamdu lillahi.

Ɗan kwangila ya dawo. Bai yi faɗa ba, ya ce shi ma ya kamata ya faɗa mini halin sabuwar na'ura. Ya buɗe ƙofar, na shiga na sami abin da Mai Ɗauka ke riƙe da shi, na kwafe shi wuri biyu, na saurari farkonsa don in tabbatar ba iska na kwaso ba. Muryar wata yarinya na ji tana cewa, "Umma, mun wanke miki labule." Sai da na fita na wanke fuska.

Sannan na raba saƙonnin gado-gado. Wani gadon ya tara har ya yi nauyi. Wani mutum kullum sai ya kira matarsa ya gaya mata abin da ya ƙona a tukunya. Na bi jerin har ƙasa, na zo gado na ƙarshe, babu komai. Na ce ko yaron ya danna lambar wani gado ne. Na karɓo lambar wayarsa daga wurin Babbar Nas, na bi duk lambobin da suka kira layin tun ranar farko. Ba ta ciki, ko sau ɗaya.

Da safe aka zagaya da lasifika. Baba, da ka ga ɗakin nan. Wannan na dariya, wancan na kuka, wata tana amsa wa lasifika "na'am, na'am" kamar mai kiran yana gabanta. An yi haihuwa, an ci jarrabawa, akuya ta ɓata an gan ta, duk a safiya ɗaya. Direba ya yi wanka tun da wuri, ya sa hularsa, ya gyara zanen gado, ya zauna a bakinsa da hannaye bisa gwiwa. Ban bari nas ta kai gare shi ta wuce ba. Na sa takunkumi na shiga da kaina, tunda ni na ce zan kawo masa da hannuna.

Na yi niyyar in ce wani ɓangare ya lalace. Ƙaryar tana bakina, a shirye, kuma da ya yarda. Amma na riga na yi masa alkawari a kan abin da ban gani ba sau ɗaya, ban iya ƙarawa ba. Na durƙusa na ce, "Baba Direba, na duba ko'ina. Bai kira ba."

Ya ce in sake dubawa, yaron yana da gaggawa, yakan danna ba daidai ba. Na ce na duba wannan ma. Sannan ya cire hular ya ajiye a kan matashi, ya ce, "To inji ya warke ke nan." Na ce ya warke. Ya ce, "Da kin bar shi da ciwonsa, 'yar inji. Da ciwon nan nake cin abinci."

Tun ranar bai zo taga ba. Babbar Nas ta kira ɗan da kanta, ya ce yana cikin taro, zai kira, kuma shiru. Ta ce tsohon yana karɓar magani ya riƙe a hannu sai an tsaya a kansa, abinci kuwa sai dai a ɗauke yadda aka kawo. Ta ce ta sha ganin irin haka, kuma ba ta son inda yake kaiwa.

Na gyara Mai Shara. Yanzu kafin ya taɓa durowa sai ya yi wa Mai Ɗauka sallama, ya jira ya saki, ya goge, ya ƙera, ya tabbatar sabuwar ce a hannunsa. Abin da mutumin da na gada yake yi da ƙafarsa kowace safiya ke nan, wanda na yi wa dariya. Saƙo yana shigowa daidai. Kullum da safe idona gado na ƙarshe yake fara zuwa.

Baba, ina da roƙo, kuma kada ka ce a'a kafin ka kai ƙarshen takarda. Layin nan ba a hira a cikinsa. Ba wanda zai yi maka magana balle ka ce "me ka ce?" Faɗa kawai ake yi a ajiye. A duk wayoyin duniya ita kaɗai ce aka yi domin kunnenka. Ba cewa na yi ka zama ɗansa ba, ba na son a sake yi masa ƙarya. Ka gaishe shi kawai, tsoho da tsoho. Ni idan na yi, zai ce tausayi ne na mai laifi. Lambar layin da ta gadonsa suna bayan takardar nan. Yaya zai danna maka, idan ya ɗaga maka hannu sai ka fara.

In ba za ka iya ba, ba zan yi fushi ba. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, da fatan ka tashi lafiya. A gaida Yaya, a ce na gode, duk da dariyarsa ta fito a saƙon tun daga farko har ƙarshe.

Shekaranjiya da safe na buɗe jeri, na ga gado na ƙarshe da saƙo guda, daga lambar Yaya. Na karɓi lasifika daga hannun nas na shiga da kaina. Direba yana kwance ya ba ɗaki baya. Na ce, "Baba Direba, an yi sallama da kai." Bai juyo ba, ya ce in daina wasa da tsoho. Sai kawai na kunna.

Baba, ka san da ƙarfi kake magana? Ban rage muryar lasifika ba, don ban yi zato ba. Duk ɗakin sai da ya ji: "Salamu alaikum, mai gado na ƙarshe! Ni kafinta ne, uban yarinyar nan da ta ɓata muku inji! A yi haƙuri, tun tana ƙarama haka take, agogona ma ita ta kwance!" Wani a gado na tsakiya ya ce wa alaikumus salam. Direba ya juyo a hankali, ya tashi zaune.

Ya ji duk abin da ka faɗa. Ya ji ka ce kai ba ka ji, saboda haka ba sai ya wahalar da kansa da amsa ba. Ya ji labarin direban da ya taɓa kawo maka katako ya sauke a ƙofar mai gyaran takalmi. Da ka zo inda ka ce 'ya'ya haka suke, su tafi su bar mutum da bango, amma a ci abinci dai don kada su dawo su tarar ba kowa, sai ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da nawa, don na san ba shi kaɗai kake nufi ba.

Da ya ƙare ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya yi dariya a wurin katakon har tari ya sarƙe shi, nas ta harare ni. Sannan ya ce a miƙo masa kofin shayinsa da ya huce.

Ban ce ya warke ba, Baba. Ɗan bai kira ba har yau, kuma na ga idonsa yana bin lasifika idan ta shigo. Amma jiya ya dawo taga, da hularsa. Ya ce tunda kunnenka ya yi ritaya, in rubuta maka amsarsa, kuma kada in gyara masa magana. Ga ta:

"Malam Kafinta, na ji sallamarka, na amsa. Direban da ya kai maka katako gidan mai takalmi ba direba ba ne, ɗan koyo ne. Yarinyarka ta iya aiki, sai dai ba ta cin abinci, ina ganinta ta taga. Ka yi mata faɗa. In ka sami hali gobe ma ka kira, ba don ni ba, mutanen ɗakin nan ne suke tambaya."

Saura abu ɗaya. Bayan ka yi masa sallama ba ka ajiye wayar ba, kuma Mai Ɗauka bai daina ɗauka ba. Wannan ɓangaren na yanke shi kafin in maimaita wa ɗaki, don ba nasu ba ne. An ji ka tambayi Yaya, "Ya shiga? To ita ma za ta ji?" Sannan ka rage murya, irin yadda kake yi da can idan ka zo tashe ni makaranta, ka ce, "Auta. Kina ji na? Auta, kina ji?"

Na kwafe shi na fitar daga durowa kafin Mai Shara ya kai ga gogewa. A ƙa'ida ba a ajiye saƙon kowa, amma na gaya wa Babbar Nas, ta ce ita ba ta ga komai ba. Jiya da na koma masauki na zauna a kan kujera na ci abinci, na kunna shi a gefen faranti.

Ofishina ba gado ba ne, don haka ba shi da lamba a layin. Na nemi izinin Manaja na ƙara masa ɗaya, tana bayan takardar nan, ƙarƙashin ta Direba. Idan ka gama da abokinka, ka sa Yaya ya danna ta.

Ina ji, Baba. Ina jin ka sarai.

Taka,
Auta